Baƙin Zakaran 'Yan Rake

Karangarum, 3 ga Maris 1997

Zuwa ga yayata Yu Warsini malamar makaranta, a Muara Kenari can ƙuryar Kalimantan inda wasiƙa ma sai ta hau kwalekwale.

Asalamu alekum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara da babanmu Bapak, da fatan gwiwarnan tasa ta daina damunsa. Mu nan lafiya lau. Ni Darmuji ƙiba ma nakeyi, matata Tumini tace in naci gaba haka sai an faɗaɗa ƙofar ɗaki. Kiyi haƙuri da rubutuna kinsan ni da biro bamu taɓa shiri ba, hannuna na kama ƙwallo ne.

Yu albishirinki. Ran biyar ga Yuli kulob ɗinmu na 'Yan Rake zai cika shekara sittin cif. Za'ayi bikin da garinnan bai taɓa gani ba. Zamu buga da Sumberjati, za'a tula tumpeng, wato dutsen shinkafar biki, buhu guda tsininsa ya kai ƙirjina, harda littafin tarihi mai hoto za'a bugo daga Surabaya. Shugaban kulob Pak Hartoyo da kansa ya sakani a kwamiti. To wa zai saka in bani ba? Shekara sha huɗu ina wanke rigunan yarannan ina musu tausa ina hura ƙwallo. Kuma karki manta ni gola ne, na uku dai amma gola. Sau ɗaya aka sakani a raga, minti tara, ko ɗaya bata shiga ba. Duk tarihin kulob babu golan da ba'a taɓa zura masa ba sai ƙanenki.

Littafinnan ba abinda babu. Yadda leburorin kamfanin sukari suka kafa kulob a 1937 suna buga ƙaton lemo naɗe da tsumma ƙafa ba takalmi, har wani bature ya gaji da dariya ya cillo musu ƙwallon gaske ta kan katanga. Yadda Japanawa suka nome filin suka shuka zurma mutanenmu suka koma bugawa a busasshiyar gonar shinkafa. Yadda kamfani ya zare hannu a 1984 saura ƙiris a rufe, matan kasuwa suka riƙa ciyar da yara da shinkafa da tempe na waken soya har shekara uku. Yadda bara waccan muka hau rukuni na biyu muka zama yan albashi, harda gola muka ɗauko daga Ambon, dogo kamar bishiyar kwakwa amma bai kaini iya faɗuwa ba.

To sai dai akwai layi ɗaya a shafi na sha ɗaya. Ga yadda suka sa, na kwafa da kyau. "1961, wasan hawa rukuni da Sumberjati. Da safiyar wasa kyaftin kuma gola Ngadimun ya gudu. An ci mu huɗu da nema."

Yu sunan Bapak ne a littafi mai hoto da za'a ajiye a makarantu. Kuma kinsan tsinin tumpeng na kyaftin mafi tsufa ne da yake raye, wato shi, amma sunce manajan kamfani zasu ba. Nan take na miƙe a rumfar kofi nace ƙarya ne ubana bai taɓa gudu ba, in ban kawo hujja ba kafin a kai littafi wajen bugawa ran ashirin ga Yuni a aske mini gashin baki a tsakiyar fili. Pak Hartoyo yace "Muji ka kawo hujja mu goge, mu ba maƙiyansa bane." Wani daga baya yace a fara wasa reza.

Don Allah ki tambayi Bapak me ya hanashi hawa motar raken da ta kai yan wasa Sumberjati ran nan. In ma ciwon ciki ne ya tsugunar dashi bayan kamfani ya faɗa, ai ba kansa farau ba, ni ma ya taɓa kamani a wasan Madiun. Ki aiko da sauri, gashin bakina yana hannunki.

Naki ƙane mai farin jini,
Darmuji


Karangarum, 14 ga Afrilu 1997

Yu Warsini asalamu alekum, ina fata lafiya. Mu lafiya sai dai ni na rame kilo ɗaya, Tumini tace bata ga inda ya fita ba.

Yau sati shida shiru. Kullum ina gidan waya har mai rabon wasiƙa in ya hangoni sai ya juya kekensa. Ko kada ne ya haɗiye kwalekwalen? Ko rubutun nawa ne ya gagari malama guda? In Bapak bashi da lafiya ki faɗa mini gaskiya, ni ba yaro bane na kusa talatin da shida.

A rumfar kofi sun rataye reza a jikin ƙusa sun rubuta sunana a ƙasa. Ina shiga sai su fara shafa leɓe. Ni dariya nakeyi nafi kowa ƙarfin dariya ma. Amma Yu in na dawo gida dariyar sai ta ƙare.

Ki rubuto ko layi biyu ne.
Darmuji


Muara Kenari, 28 ga Afrilu 1997

Zuwa ga ƙanena Darmuji.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka da Tumini. Gwiwar Bapak da sauƙi. Wasiƙarka ta farko ta yi wata guda a hanya, ruwan kogi ya ja baya, jirgin wasiƙu bai iya hawowa ba. Sauran jinkirin kuma nawa ne. Na kasa rubuto maka ina cikin fushi.

Muji, ka san yadda Bapak yake son wasiƙunka. Ba ya bari in duba tukuna, sai ya ja kujera ya ce karanta, mu ji ƙaryar da ya zo da ita yau. Haka na yi ta karantawa yana dariya har da hawaye a kan minti taran nan naka. Ban ankara ba sai ga ni a tsakiyar layin shafi na sha ɗaya, bakina ya riga hankalina. Na so in tsallake, ya ce ci gaba. Na karanta har wajen ciwon cikin da ka ga ya dace ka yi wasa da shi.

Ya ɗauki fartanyarsa ya shiga gonar barkono. Kwana uku ba ya gama abincinsa. Mutumin nan ya bar garin da aka haife shi, ya biyo ni nan shekara goma sha takwas da suka wuce, don ya huta da wannan maganar. Kai kuma ka naɗo ta a ambulan ka aiko masa har da gashin bakinka. Komai a wurinka abin dariya ne? Ina da shekara shida lokacin. Abin da nake tunawa shi ne an jefi rufin gidanmu da duwatsu, mahaifiyarmu Ibu ta rufe mini kunne.

A rana ta huɗu ya kira ni ya ce in rubuta maka wannan, kuma kada in ƙara ko in rage: "Le, ɗana, ka bar littafin yadda yake. Ban hau motar ba, wannan gaskiya ne. Su ba manaja shinkafarsa."

Na tambaye shi dalili, ya ce barkono na son ruwa.

Ka bar maganar nan. Gashin baki yana sake tsirowa.

Yayarka,
Warsini


Karangarum, 19 ga Mayu 1997

Yu asalamu alekum. Na samu taki. Ina gaida Bapak in zai karɓa. Ki bashi haƙuri akan maganar ciwon ciki, wallahi ba raini bane bakina ne baya da birki.

To ashe ya gudu kenan.

Sau bakwai na karanta, na ba Tumini ma ta karanta ko ni ne ban iya ba. Yu kinsan haƙorina na gaba da babu? Nace muku faɗowa nayi daga bishiyar mangwaro. Ƙarya ne, ni ban taɓa faɗowa daga komai ba. Yara uku ne a aji huɗu suka kirani ɗan mai gudu na haɗa su na daka, na huɗun ne ya zo da dutse. Tun daga ranar duk wanda ya faɗa sai mun kwashi ƙasa. Dana shiga kulob ma don wannan na shiga, nace sai sunga wani ɗan Ngadimun a fili kullum rana da ruwa baya fashi. Ashe duk akan iska nake dambe. Ba komai. Ubana ne dai, ko ya gudu har Makka da ƙafa.

Naje na faɗawa Pak Hartoyo a buga littafi yadda yake. Mutumin kirki ne, yace a bar maganar aski. Nace a'a Darmuji baya cin alkawari, ran biki bayan an tashi wasa a aske.

Yanzu ga mai daɗi don karki ce kullum masifa nake aikowa. Tumini nada ciki wata huɗu! Bayan shekara tara Yu! Ungozoma tace da ƙarfinsa yake motsi, nace ai dole, faɗuwar gola yake koya. Ki faɗawa Bapak zai samu jika a garinsu.

Saura labari na biyu. Kinsan baƙin zakaran da gola yake yankawa a gindin turken raga da safiyar babban wasa, a dafa ayi sadaka yan wasa suci kafin a fita. Tun zamanin lemo da tsumma ba'a taɓa fashi ba. To golanmu na Ambon ba musulmi bane, na biyu kuma in yaga jini sai a kwasheshi. Pak Hartoyo yana cewa wa zai yanka na ɗaga hannu nace ga gola na uku, tunda yanzu ba dole mai yanka ya tsare raga ba. Surukata tana ji ta ɗora hannu aka tana kuka wai mai mata da ciki baya kashe ko ƙadangare, wai yaro zai fito da tabon wuƙa a wuya. Nace Mbok wannan zancen tsofaffi ne, yanzu zamanin allura da awo ne. Tumini kuwa kallona kawai takeyi.

Zan yanka Yu. Gaban duk garin zan yanka. Tunda Ngadimun ɗaya ya ja da baya a 1961 to su ga na biyu baya ja.

Naki,
Darmuji


TALGIRAM
Daga Muara Kenari zuwa Darmuji, filin 'Yan Rake, Karangarum. 11 ga Yuni 1997.

KADA KA YANKA ZAKARAN. UMARNIN BAPAK NE. YANA TAFE DA KANSA. WASIƘA NA BIYE. WARSINI.


Muara Kenari, 11 ga Yuni 1997

Ƙanena Muji,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Barka da arziki, Allah ya sauki Tumini lafiya, ka ce mata na yi kukan murna a gaban 'yan ajina. Daga ofishin talgiram na dawo yanzu, tafiyar awa biyu a kwalekwale. Ka zauna kafin ka karanta.

Wannan karon na duba wasiƙarka ni kaɗai tukuna. Na yi niyyar in karanta masa labarin cikin kawai. Da ya ji, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Sai ya ce, "Saura me? Takarda biyu na gani a hannunki." Na karanta masa maganar haƙorinka. Na karanta masa ta zakara. Muji, mutumin da sai ya dafa bango yake tashi, sai ga shi tsaye. Ya ce, "Maza a buga masa waya. Yanzu." Sannan ya zauna ya ba ni labarin da ya riƙe shekara talatin da shida.

Bayan an haife ni, Ibu ta yi ɓari sau biyu. Na biyun har an fitar da rai da ita. A 1961 ta sake samun ciki, wata uku. Ba su gaya wa kowa ba sai ungozoma, Mbah Painem, matar kocinsu Mbah Wiryo. Ita ta ce su yi shiru da bakinsu har cikin ya yi ƙwari, kuma ta ja kunnen Bapak: ko kifi kada ya kashe.

Da safiyar wasan Sumberjati, kafin sauran su taru, koci ya miƙa masa wuƙa da zakara a gindin raga. Bapak ya ce ba zai iya ba, ya faɗi dalili, ya roƙa a ba wani ya yanka shi ya tsare ragar. Koci ya ce tun da aka kafa kulob, hannun da ya yanka shi ke kama ƙwallo. Ko ya yanka ya hau mota, ko ya ajiye ya tafi gida. Bapak ya ce ya daɗe yana kallon zakaran nan, wasan da ya yi shekara takwas yana jira ke nan. Sai ya ajiye wuƙar a kan ciyawa ya tafi gida ta bayan kamfani. Aka ba wani ɗan baya ya yanka, aka tura shi raga. Ka san sauran.

Na ce, Bapak, me ya hana ka faɗa bayan an haihu lafiya? Ya ce da farko ba ya son ya tona malaminsa, shi ya koya masa kama ƙwallo, kuma shi ma ya tsorata da fushin gari ya yi gum. Amma babban dalilin, ya ce: "Kin ga yadda suka jefi rufinmu. Da sun san saboda jariri ne, a kansa za su sauke. Kowa ya gan shi zai ce ga yaron da ya jawo mana huɗu da nema. Da sunan zai tashi, da shi zai tsufa. Ni babba ne, bayana zai ɗauka."

Watan Disamba na shekarar aka haife ka, Muji. Kai ne cikin.

Ya ce bai san kana dambe a kansa ba, ya ɗauka mangwaron ne da gaske. Wannan ya fi komai taɓa shi.

Camfi ne ko ba camfi ba ne, ni malamar makaranta ce, ban sani ba. Abin da na sani, ba zai iya barci ba in ka taɓa wuƙar nan. Har yanzu yana cewa a bar littafin, jikansa kawai yake so a tsare. Ni kuma na ce wannan ya rage naka, tun da kai abin zai faɗa wa. Mbah Painem tana nan da rai in ji shi, in ba ta ƙaura ba tana bayan tsohuwar tashar jirgin rake.

Jarrabawa ta hana ni tafiya. Zai taho da maƙwabcinmu mai kai barkono Surabaya, su iso wajen biyu ga Yuli. Ka tare shi a tasha. Kuma ka yafe mini faɗan da na yi maka.

Yayarka,
Warsini


Karangarum, 8 ga Yuli 1997

Yu Warsini! Asalamu alekum! Lafiya lau, kowa lafiya, Bapak lafiya Tumini lafiya na ciki lafiya gashin baki lafiya. Ki nemi kujera ki tara yara.

Talgiram ɗinki ta sameni ina shanya safa. Sati biyu ina yawo da ita a aljihu ban gane komai ba, nace ko tsufa ne ya fara taɓa Bapak. Wasiƙar sai ran ashirin da bakwai ta iso. A ɗakin kaya na karanta. Bazan ɓoye miki ba nayi kuka, amma irin na maza, cikin kwandon riguna na tusa kai ba wanda yaji sai golan Ambon, shi kuma na gaya masa mura ce.

Littafi kuwa an riga an bugo, guda ɗari biyar suna ɗaure a ofis.

Ban tsaya ba na ɗauko Pak Hartoyo a bayan babur ko takalmi bai gama sawa ba, sai gidan Mbah Painem. Tana nan Yu, ta kusa casa'in, ta ƙanƙance kamar yar tsana tana tauna tabarta a bakin ƙofa. Na durƙusa na kwarara mata a kunne nace Mbah nine ɗan Ngadimun.

Ta kalleni sama da ƙasa tace "Kaine na cikin nan?"

Nace nine Mbah.

Tace "Kaine mai ihu a fili duk ran Lahadi har nan muna ji?"

Nace nine dai.

Tace "Da nasan haka zaka fito da baki da na barshi ya yanka."

Pak Hartoyo saida ya zauna a ƙasa don dariya. Daga nan ta faɗa masa komai tiryan tiryan kamar yadda kika rubuto. Tace mijinta har ya mutu baya cin naman zakara. Tace ita ungozoma ce bata tona cikin mutane, kuma Bapak ya roƙeta, amma tunda na cikin da kansa yazo da gashin baki to ta sauke. Pak Hartoyo ya daina dariya. Yace "Muji mun zalunci mutumin nan. Amma kasan in muka gyara kai za'a koma yiwa?" Nace Pak ni da nake neman suna tun ina aji huɗu?

Aka buga gyara a yar takarda aka yayyanka. Kwana uku ni da Tumini da surukata da yan wasa muna mannawa akan layin da dafaffiyar shinkafa, ɗaya bayan ɗaya har ɗari biyar. Yanzu shafi na sha ɗaya cewa yake "Kyaftin Ngadimun ya ƙi yanka zakara domin matarsa na da ciki, aka hana shi raga bisa al'ada. Bai gudu ba." Na so a ƙara cewa yaron ya girma ya zama golan da ba'a taɓa zura masa ba, Pak Hartoyo yace takarda ta ƙare. A naki kwafin na ƙara da biro.

Ran Laraba na tari Bapak a tasha. Yu ya zama ƙarami. Na durƙusa na kama hannunsa na sa a goshi. Ya ɗago haɓata ya duba wajen haƙorin ya daɗe. Sai yace "Le wannan ne gashin bakin da ake ta tashin hankali akansa? Ai da ka bari sun aske." Dana nuna masa littafin ransa ya ɓaci yace waya saka. Nace Bapak ka ɗauka shekara talatin da shida, ka bani nima in ɗana, kaga na fika faɗin baya. Sai ya sa littafin cikin riga.

Ran Asabar da safe fili ya cika har kan katangar kamfani. Aka kawo baƙin zakara gindin raga, mai sanarwa yace Darmuji ya fito. Na fito na karɓi lasifika maimakon wuƙa. Nace jama'a ni bazan yanka ba matata nada ciki. Aka fara ihu ana cewa ya gudu, gado ne, a kawo reza. Na bari suka gama. Sannan nace ku buɗe shafi na sha ɗaya, wanda bai iya karatu ba ya matso kusa da wanda ya iya, nima haka nakeyi. Na basu labari tun daga wuƙa akan ciyawa. Nace to ku kalleni da kyau, duk ƙasarnan ba ɗan ƙwallon da ya taɓa cin garinsu huɗu tun yana cikin uwarsa sai ni!

Yu wurin yayi tsit har ina jin zakaran yana ƙoƙ ƙoƙ. Nace a raina yau duwatsu zasu dawo. Sai wata tsohuwa mai saida tempe ta fashe da dariya, shikenan fili ya ɗauka. Suna dariya wasu suna share ido. Tsofaffi suka fara sakkowa daga benci suna zuwa wajen Bapak ɗaya ɗaya suna kama hannunsa. Wani yace masa "Dimun harda ni a masu jifa." Bapak yace "Na sani, naka ne bai kai rufin ba."

Pak Hartoyo yace to wa zai yanka? Mbah Painem da aka kawo a keken haya ta nuna Bapak da sandarta tace "Ga gola nan, matarsa bata da ciki yanzu." Ya karɓi wuƙa ya tsuguna da gwiwar nan tasa a gindin turke yayi bisimilla. Daya miƙe ya dafa turken ragar ya ɗan tsaya, ba wanda ya ce masa ya matsa.

Tsinin tumpeng shi aka ba, manajan kamfani da kansa ya miƙa masa a faranti. Bai ci ba. Ya ratsa mutane ya kaiwa Tumini yace ci ki ba na ciki.

Wasa kuma Sumberjati sun cimu ɗaya da nema. Ba wanda ya damu, a rumfar kofi cewa ake daga huɗu zuwa ɗaya ai cigaba ne. Sun sauke rezar daga ƙusa. Sunana yanzu a gari Huɗu da Nema, yara suna bina dashi har kasuwa, nasa an rubuta mini a bayan riga.

Saura ƙorafi ɗaya. Bapak yace bazai dawo ba sai an haihu, ki sa wani ya kula da barkono. Ya tattara duk wuƙaƙen gidan ya kulle a akwatinsa, ya kwance tarkon ɓera, ya hanani zuwa kamun kifi. Jiya da la'asar muna zaune a baranda sauro ya sauka a hannuna na ɗaga ɗayan zan maka masa, sai naji an cafke wuyan hannuna a sama caraf. Yu ban ga sanda ya motsa ba. Shekara sittin da biyu da ciwon gwiwa. Yanzu na yarda akwai golan da ya fini a gidanmu.

Sauron ya sha ya ƙoshi ya tashi abinsa muna kallo.

Ki gaida maigidanki da yara.

Naki ƙane,
Darmuji Huɗu da Nema